Buhu Goman da Ba Su Hau Mota Ba

Sufeto Sirajo bai gama shan kokonsa ba hayaniya ta cika harabar caji ofis na Zurmi. Ya leƙa ta taga, ya ga manoma tuli, ƙafafunsu duk laka, sun taso wani dattijo a gaba. Ba dukansa suke yi ba, amma kowa ya riƙe wani gefe na rigarsa kamar gado za a raba.

Kafin ya sa kaki, Sirajo malamin lissafi ne a firamaren Katuru, garinsu. Ya ajiye alli amma halin bai sake shi ba. Har yau lamba ba ta wucewa ta gabansa bai tare ta ya duba haƙoranta ba, yadda mai sayen rago ke yi. Shi ya sa in ba ya kusa, 'yan ofis Malam suke ce masa.

Sajan Saudat, wadda suke aiki tare, ta tsayar da taron a waje ta shigo da mutum uku. Na farko Alhaji Mahmud ne, shugaban ƙungiyar manoman Gurbin Bore da kewaye. Na biyu Muhtari, mai kula da siton ƙungiyar, matashi mai farar shadda da biro biyu a aljihu. Na uku shi ne dattijon, Labbo maigadi.

"Ranka shi daɗe, an kashe mu," in ji Alhaji Mahmud. "Takin zamani na ƙungiya, mota guda, jiya anka sauke shi sito. Yau da sahe ko buhu ɗaya babu. An ɓalle kwaɗo an kwashe."

"Wa ke gadi?"

"Ga shi nan. Tun ana gina siton ga yake gadinai. Ashe kura munka ba ajiyar nama."

Sirajo ya juya ga dattijon. "Baba, me ka gani?"

"Yallaɓai, ban ga kowa ba, ban ji mota ba. Bayan magariba niz zo, nit tarar da sito kulle kamar kullum. Ruwa yat tsuge, nil laɓe rumfa. Da asuba nit tahi masallaci, ina dawowa sai ga kwaɗo ƙasa."

Muhtari ya yi tsaki. "Buhu ɗari biyu da hamsin ba ya shiga aljihu, Yallaɓai. Mota ta zo, kuma wani yab buɗe mata hanya."

Labbo ya sunkuyar da kai. Abin ya taɓa Sirajo. A ƙasar nan, a wannan zamani, a ce mutum yana haɗa baki da ɓarayi ba ƙaramar magana ba ce. Suna ne da kan bi mutum har gida, ya bi 'ya'yansa da jikokinsa. Ya sa aka shigar da Labbo bayan kanta, don ya fi masa zaman lafiya fiye da waje. Dipi'o, shugaban caji ofis ɗin, kuwa ya ce in ba a kamo bakin zaren ba, a shirya takardu a tura tsohon kotu.

Siton yana bayan garin Zurmi, ginin bulo mai ƙofar ƙarfe. Ruwan daren jiya ya wanke duk wani sawun taya. A ciki babu komai sai 'yan ƙwayoyin taki a warwatse bakin ƙofa da wani ƙadangare da ke ta gyaɗa wa hukuma kai.

"Wa ya ga an sauke kayan?" Sirajo ya tambaya.

"Ni," in ji Muhtari. "Ni da yaran mota."

"Ba 'yan dakon gari?"

Alhaji Mahmud ya amsa masa. "Jiya ranar shuka ta, ranka shi daɗe. Ruwan shuka ya sauka, ko gurgu ya tahi gona. Ni kaina ina can. Waya Muhtari yay yi mini yac ce kaya sun iso lahiya."

"Buhu nawa kuka saya?"

"To, nan labari na da tsawo. Ɗari biyu da hamsin munka nema wurin Hajiya Maijidda, dilar taki ta Kaura Namoda. Sai taki yay yi wuya, tac ce ta rage ma kowa kashi ashirin cikin ɗari. Munka yi ta addu'a. Da sabon kaya yaz zo mata, sai tak kira ni tac ce ta ƙara ma kowa kashi ashirin cikin ɗari. Ka ga mun koma inda muke."

Sajan Saudat ta ga kunnen Malam ya motsa. Ta san wannan motsin, kuma ta san yau ba za a ci abincin rana da wuri ba.

"Muhtari, kai ka ƙirga?"

"Da hannuna, Yallaɓai."

"Nawa?"

"Ɗari biyu da hamsin cif. Layi goma, kowane layi ashirin da biyar. Sau biyu nib bi su."

"Madalla da ma'aikaci," in ji Sirajo. "Saja, rubuta mana wannan yadda ya faɗa, ya sa hannu."

Muhtari ya zaro biro ɗaya daga cikin biyun, ya zuba sa hannu mai jela.

A hanyar Kaura Namoda, Saudat na tuƙi, Sirajo ya tsayar da mota ya sayi gyaɗa mai ɓawo. Ya ƙirga ashirin da biyar ya jera a kan murfin fayil.

"Saja, kin yarda da lissafin Alhaji?"

"Me ya same shi, Oga? An cire ashirin, an mai da ashirin. Ko jakin Baba ya san an koma gida."

"To faka a inuwar can, mu ga ko jakin ya iso. Kashi ashirin cikin ɗari shi ne ɗaya bisa biyar. Ga gyaɗa ashirin da biyar. Cire mini ɗaya bisa biyar."

Ta ware biyar gefe. "Saura ashirin."

"Yanzu ƙara kashi ashirin cikin ɗari na abin da ke gabanki."

Ta miƙa hannu za ta kwaso biyar ɗin duka. Ya buge mata yatsu da biro.

"Na abin da ke gabanki na ce. Ɗaya bisa biyar na ashirin nawa ne?"

"Huɗu." Ta mayar da huɗu, ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. "Ashirin da huɗu. Oga, ina ɗayar?"

"Ga ta." Ya ɓare ta ya jefa a baki. "An yanka daga babban tsibi, an ƙara daga ƙarami. Ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. In ana son ashirin ta koma ashirin da biyar, kashi ashirin da biyar cikin ɗari za a ƙara, ba ashirin ba."

"To da ƙarin aka fara yi fa, sannan a rage?"

"Ashirin da biyar ta zama talatin, a cire shida. Ashirin da huɗu dai. Ta ko'ina kika bi, gyaɗar nan tawa ce."

Saudat ta bugi sitiyari. "Ɗari biyu da hamsin ta koma ɗari biyu, ta koma ɗari biyu da arba'in! Kenan Muhtari..."

"Kada ki riga malam masallaci. Wataƙila Hajiya a kan adadin farko ta yi ƙarin, ta mayar musu da hamsin ɗinsu. In haka ne, Muhtari ya yi gaskiya, ni kuma na yi asarar kuɗin gyaɗa. Ja mu je."

Shagon Hajiya Maijidda yana kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mace ce mai jiki da murya, wayoyi biyu a hannu, kuma ba ta ajiye ko ɗaya ba don ta ga 'yan sanda.

"Lale da hukuma. In taki kuke so, ku bi layi."

"Tambaya muke so, Hajiya. Da kika ƙara wa mutane kashi ashirin cikin ɗari, a kan me kika ƙara?"

"A kan abin da kowa ke da shi a lokacin mana. Sabon kayan bai kai in cike ma kowa giɓinai ba. Mai ɗari biyu ya samu arba'in. Mi yaf faru?"

"Mutanen Gurbin Bore nawa kika loda musu?"

"Ɗari biyu da arba'in. Kai, Tsoho! Zo ka gaya ma Yallaɓai."

Tsoho shi ne sarkin 'yan dakon shagon, kuma ba tsoho ba ne, ƙato ne mai wuya kamar turmi. Ya kai su gindin bango inda gwangwanaye ke jere. A wurin, duk ɗan dakon da ya ɗora buhu a mota sai ya jefa tsakuwa ɗaya a gwangwanin motar, kuma ba a zubarwa sai an sallami kowa. Hajiya ba ta sallame su ba tukuna, abin da Tsoho ya faɗa da ƙarfi don ta ji.

Saudat ta juye gwangwanin a ƙasa ta jera tsakuwa goma-goma. Tsibi ashirin da huɗu suka tashi, ba ragi ba ƙari.

"Hajiya, kin gaya wa Alhaji Mahmud adadin?"

"Na ce mishi na ƙara kashi ashirin, yac ce Alhamdu lillahi yak kashe waya. Mutum da jikoki zan koya ma lissahi?"

"Wa ya ɗauki kayan?"

"Haladu, mai koriyar motar Daf. Yau yana Shinkafi yana lodin albasa, in bai yi ƙarya ba. Yakan yi."

Rana ta karkata kafin su isa Shinkafi. Sun sami koriyar motar a tashar manyan motoci, da rubutu a goshinta, Haƙuri Maganin Duniya. Mai ita yana zaune a kan benci gaban mai tsire, yana ba wa cikinsa haƙƙinsa.

"Kai ne Haladu?"

"Ni na, Yallaɓai. Takarduna cike suke."

"Ba takardu muka zo gani ba. Takin Gurbin Bore, ina ka kai shi?"

"Zurmi. Sito. Nis sauke nij juyo."

"Su wa suka sauke?"

"'Yan dakon garin."

Saudat ta duba fayil. "Muhtari ya ce yaran motarka ne."

"To, su ne. Na manta."

"Yara nawa gare ka?"

"Ɗaya."

"Shi kaɗai ya sauke mota guda? Allah ya ƙara masa ƙarfi," in ji Sirajo. Ya zauna a gefen bencin kamar tsohon aboki. "Buhu nawa?"

"Ɗari biyu da arba'in."

"Ikon Allah. Muhtari kuwa ya rantse ɗari biyu da hamsin ne. Saura goma kenan, kuma kai ne ka riƙe motar."

Haladu ya dire tsinken tsire ya miƙe tsaye. "Wai mutumin ga bai bar zancen buhu goman ga ba? Tun jiya yake cika mini kunne da waya! Na rantse mishi da Allah, na ce shi zo shi ƙirga da kainai, suna nan ba a taɓa..."

Ya tsaya da baki buɗe. Mai tsire ma ya tsaya da fifita.

"Suna nan ina?" Sirajo ya tambaya a hankali.

Haladu ya dubi Sufeto, ya dubi ankwar da ke ƙugun Saudat, ya dubi ragowar tsirensa da baƙin ciki. Sannan ya kai su wani shago a bayan kara, inda ake sayar da dabbobi. Buhunan na nan a jibge har rufi, an lulluɓe su da tampol, suna jiran motar da za ta bi da su ta Jangeru a tsallaka iyaka. Mai shagon, da ya hango kaki, ya tuna yana da uzuri a wani gari, amma 'yan sandan Shinkafi suka taimaka masa ya fasa tafiyar.

Washegari dab da azahar Sirajo ya sa aka jera benci a ƙarƙashin darbejiyar caji ofis na Zurmi. Alhaji Mahmud ya zo da manomansa. Muhtari ya zo da sabuwar shadda. Aka fito da Labbo aka zaunar da shi gefe, idanunsa sun faɗa, da gani bai runtsa ba.

"Jama'a, albishirinku," in ji Sirajo. "An ga taki."

Wuri ya kaure da kabbara. Wani tsoho ya jefa hularsa sama ta maƙale a reshe. Muhtari ma ya yi kabbara, sai dai tasa ta ɗan makara.

"Buhu ɗari biyu da arba'in, suna Shinkafi a hannun hukuma."

"Saura goma," in ji Alhaji Mahmud.

"Su nake so mu nema tare. Muhtari, taso. Ka ce ka ƙirga ɗari biyu da hamsin a sito?"

"Haka ne, Yallaɓai."

"Sau biyu?"

"Sau biyu."

"Hajiya Maijidda ta ce ɗari biyu da arba'in ta loda. 'Yan dakonta sun ce haka. Tsakuwar gwangwaninsu ta ce haka. Goman da ka ƙirga, a hanya suka haihu?"

Muhtari ya yi 'yar dariya ya juya ga jama'a. "Yallaɓai, ai abin a fili yake. An rage kashi ashirin, an ƙara kashi ashirin. Kowa ya san ɗari biyu da hamsin za ta dawo."

"Alhaji, in aka rage kashi ashirin cikin ɗari daga ɗari biyu da hamsin, nawa ya saura?"

"Ɗari biyu."

"Kashi ashirin cikin ɗari na ɗari biyu fa?"

Alhaji ya lanƙwasa yatsu. "Arba'in." Ya sake lanƙwasawa. "La ilaha illallahu. Arba'in, ba hamsin ba."

"To ka ji. Kai kuskure ka yi, kuma ba a ɗaure mutum don kuskuren lissafi, da rabin ɗalibaina suna gidan yari. Amma kai ba ka ce ka ƙirga ba." Ya juyo ga Muhtari. "Wanda ya tsaya a gaban buhuna ya bi su ɗaya-ɗaya, abin da ke wurin zai samu. Kai abin da ke kanka ka samu. Ba ka ƙirga ba, domin ko buhu ɗaya bai sauka a siton nan ba. Mota ta shigo da tampol ɗinta, gari duk ana gona, ta huta ta wuce Shinkafi."

"Sharri na, Yallaɓai! Wa yag gani?"

Sirajo ya ɗaga wa Saudat hannu. Ta buɗe bayan motar sintiri, Haladu ya sauko da ankwa, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Yana ganin Muhtari ya murtuke.

"Ka dai ji da kunnenka ko? Ɗari biyu da arba'in. Ka yi ta kirana ɓarawo a waya."

Nan fa idon Muhtari ya rufe. Ya manta da Sufeto, ya manta da jama'a, ya yi kan Haladu da yatsa.

"Ɓarawo ne kai! Ɗari biyu da hamsin munka yi ciniki da mai shagon, kak kawo mini kuɗin ɗari biyu da arba'in! Ina goma? Ka ɗauka ban yi boko ba?"

Muhtari ya tsaya da yatsa a sama, ya waiga a hankali, ya ga Sajan Saudat na rubutu da sauri tana murmushi.

"Maimaita daga 'munka yi ciniki', biron ya ɗan tsaya," in ji ta.

Muhtari ya zauna a ƙasa da sabuwar shaddar. Sauran bai yi wuyar fitowa ba. Shi ya shirya da Haladu tun da aka sa ranar lodi. Shi ya watsa mudun taki a bakin ƙofa don a ga alama. Shi ya laɓe da asuba har Labbo ya tafi masallaci, ya ɓalle kwaɗon da guduma. Kujerar kansila yake hange, kuma fosta ba a buga ta da addu'a.

"Labbo fa?" Sirajo ya tambaya. Wannan karon babu wasa a muryarsa. "Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Yallaɓai. Shi ne dai ke wurin."

Saudat ta ɗaga shi ta sa masa ankwa, ta haɗa shi da Haladu. Tana tura su ciki Muhtari na waiwaye yana cewa, "Amma Yallaɓai, tsakani da Allah, an cire ashirin an mai da ashirin..."

"Za ka sami lokacin yin bita," in ji Sirajo. "Shiga da su, Saja."

Manoma suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Labbo ne kaɗai bai yi ba. Alhaji Mahmud ya matso kusa da shi, ya rage murya, ya kama hannunsa.

"Labbo, ka yi haƙuri. Shaiɗan na. Ka yahe mini."

Dattijon ya zare hannunsa a hankali. Hawaye na bin gemunsa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Na yahe, Alhaji. Amma da kac ce ni ɓarawo na, ba raɗa kay yi ba. Bakin masallaci kat tsaya, gaban ɗiyana da surukaina, kaf faɗa da ƙarhi. Wagga ma can za ka faɗe ta, da muryar da kaf faɗi waccan."

Dariya ta ɗauke. Alhaji Mahmud ya dubi Sufeto ko zai sa baki. Sirajo ya duƙa yana gyara igiyar takalminsa, wadda ba ta kwance ba.

Daga cikin gari ladan ya ɗaga murya yana kiran azahar. Labbo ya share fuska da hannun riga, ya miƙe, ya fita ƙofar caji ofis bai waiwaya ba. Alhaji Mahmud ya gyara babbar rigarsa ya bi bayansa, jama'a suka bi bayan Alhaji.